Yadda Sabon Marubuci Zai Karɓi Gyaran Edita Kafin Buga Littafi

Idan rubutunka ya dawo daga hannun edita cike da jan biro, ko da alamomin gyara a Word, kada ka mayar da amsa a ranar. Ka karanta gyare-gyaren har ƙarshe, ka ajiye su kwana biyu, domin ɓacin rai ba zai bari ka bambance gyaran da ya dace da wanda bai dace ba.

Ka fara da ƙa'idojin rubutu, waɗanda babu gardama a kansu. Inda aka raba maka "yace" ya koma "ya ce", ko aka mayar wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu, ka karɓa kawai, tun da "ba ta" da "ɓata" ba abu ɗaya ba ne.

Inda marubucin Katsina ko Daura zai tsaya ya yi nazari shi ne batun karin harshe. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, saboda haka mai yiwuwa ne edita ya soke "shina" da "tahi" da "mashi" duk inda ya gan su. A cikin bayanin mai ba da labari, shawarata ita ce ka bi shi, domin littafin ya karantu a ko'ina. Amma idan wata tsohuwa ce daga Ƙofar Soro ta Katsina take yi wa jikarta faɗa, ka roƙe shi cikin ladabi ya bar mata Katsinancinta, da sharaɗin cewa haka za ta yi magana daga farkon littafin har ƙarshensa, ba ta riƙa sauya baki daga babi zuwa babi ba.

Gyaran zubi da tsari ya fi zafi, musamman idan an ce ka cire babi guda ko ka rage taurari. Ba kai ne farau ba: Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, kuma sai da rubutun ya bi ta hannun Rupert East, Baturen da ya shirya gasar, a Zariya kafin a buga shi. Ka tambayi edita dalilinsa. Sau da yawa yakan gano inda labari ya yi sanyi, amma maganin da ya kawo ba dole ne ya zama naka ba, kana iya ɗinke wurin ta hanyar da ta dace da salonka.

Ka adana kwafin asali kafin ka taɓa komai, kuma ku daidaita tun farko kan kuɗin aiki da sau nawa zai duba. Bayan an tsara shafuka, ka sa a fitar maka da kwafi a takarda ka karanta da kanka kafin ka ba maɗaba'a izini, domin gyaran da ya zo bayan an fara bugu daga aljihunka zai fita.