Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Mota Bayan Ta Daɗe a Ajiye

A ƙasashen Turai masu tsofaffin motoci sukan kulle su a gareji tun farkon lokacin sanyi, saboda ƙanƙara da kuma gishirin da ake barbaɗawa a kan tituna, wanda ke cin ƙarfen mota daga ƙasa. Mu a arewacin Kamaru ba mu da ƙanƙara, amma muna da namu dalilan ajiye mota. Da zarar damina ta kankama, hanyoyin ƙauye suka zama laka, su Mayo Tsanaga da Mayo Kaliao suka kawo ruwa a Marwa, mai tsohuwar mota yakan tura ta ƙarƙashin rumfa ya ce sai kaka. Sau da yawa kaka takan wuce, hunturu ya zo ya lulluɓe ta da ƙura, har a shiga zafin Maris ba a taɓa ta ba. Irin waɗannan motoci ba baƙi ba ne a unguwanninmu: Peugeot 404 a-kori-kura, wadda asalinta ya fito a 1960, da Peugeot 504 da ta fito a 1968, aka kuma shafe shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna tun daga 1975, da tsofaffin Land Cruiser, da Mercedes masu shan gazuwal, wato dizal.

Sau da yawa babbar ɓarnar da ke samun motar da ta daɗe a ajiye ba zaman ne ke yin ta ba, ana yin ta ne a minti na farko, lokacin da mai ita ya ɗauro aron batir ya murza makulli don ya ji ko tana da rai. Na koyi wannan a kan Fijon mahaifina a Garwa, wadda ta yi kusan wata tara a tsaye. Na riga na zauna a kujerar direba sai tsohon bakaniken gidanmu ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, sa makullin nan a aljihu tukuna, ba yau ne ranarsa ba." Da ya buɗe murfin matatar iska, sai ga sheƙar ɓera cike da auduga da ɓawon gyaɗa, kuma da na tayar da injin a lokacin, da duk wannan shara ta bi ta kafireto ta shige ciki.

Saboda haka aikin farko na ido ne. A buɗe ƙofofi da bonet da but, a ja da baya na ɗan lokaci, domin maciji da kunama suna son inuwar motar da ba ta motsi, kuma kada a zura hannu inda ido bai gani ba. A bi wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya a ga ko ɓera ya gwaguye su, a duba bakin salansa ko zanzaro ya yi gini a ciki, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a ga ko ruwa ya kwanta ya haifar da tsatsa. Sannan a durƙusa a karanta abin da ƙasa ta rubuta. Baƙin tabo a ƙarƙashin injin baƙin mai ne, tabo kusa da cikin taya yawanci man birki ne, farin gishiri-gishiri a ƙarƙashin lagireto kuwa alamar ruwa ne ya tsiyaye. Idan ambaliya ta taɓa shiga gidan, a nemi layin laka a jikin mota don a san iyakar inda ruwan ya kai.

Batir yakan zube da kansa ko da ba a haɗa shi da komai ba, kuma zafin ƙasarmu yana hanzarta hakan. A cire shi, a fara da kan da ke da alamar ragi, a wanke farin garin da ya taru a kawunansa, a duba ruwan kowane gida, in ya ragu a ƙara ruwan batir tsantsa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba. Batir mai lafiya da ya cika yakan nuna bolt 12.6 a mita. Wanda ya sauka ƙasa da 12 yana bukatar caji a hankali na tsawon dare, a wuri mai iska, nesa da murhu da taba, domin iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. Idan aka caja shi ya sake zubewa cikin kwana ɗaya ko biyu, ya gama aikinsa.

Kafin a mayar da batir a koma ga baƙin mai, wanda shi ne ya fi cancantar a ɓata masa lokaci. A zaro sandar awo a duba yawansa da launinsa, a murza shi tsakanin yatsu, a kuma sansana. Idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shige shi. Idan yana warin fetur kuma ya haura alamar cika, wataƙila famfon fetur ne ke yoyo zuwa cikin injin. A kowane hali daga cikin biyun sai a juye shi a sauya matata kafin a yi komai, haka ma idan motar ta haura shekara a tsaye. Bayan watanni, man da ke jikin silinda da sauran wuraren gogayya ya riga ya tsiyaye zuwa ƙasa, ƙarfe na zaune a kan ƙarfe a bushe, wani lokaci ma da siririyar tsatsa a tsakani. Don haka a kwance fulogai duka, bayan an hure ƙurar da ke kewaye da su kada ta faɗa ramin, a ɗiga kamar cokalin shayi na baƙin mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana. Washegari a sa giya a firi, a kama notin fulin gaba da sifana, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. Idan ya juya lami lafiya, an tsallake babban haɗari. Idan ya cije, kada a tilasta shi, kada kuma a ɗaura igiya a ja motar a cikin giya kamar yadda wasu ke yi, domin ta haka ake karya zoben fistin. A ƙara mai, a yi haƙuri kwana biyu ko uku, ana rausaya shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. Idan kuma ruwa ne ya tsarto daga ramin fulogi, to a gode wa Allah da ba a murza makulli ba, don ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce ke lanƙwashewa.

Lagireto ba ya bukatar dogon bayani. A buɗe shi injin na sanyi, a juye tsohon ruwan in ya yi ja, a wanke, a cika. A matsa kowane tiyon roba da hannu, wanda ya yi tauri ko ya tsage ko ya kumbura a sauya shi, haka ma fambel. A ganina ruwan rijiya shi ne babban maƙiyin waɗannan injuna, domin yana tara ƙasa a cikin hanyoyin ruwa, kuma kuɗin ruwan sanyaya injin na kanti bai kai na sauya gaskit ba.

Sai fetur. Fetur ba ya zama yadda yake, ɓangarensa mai saurin kamawa yana tashi ya bi iska, abin da ya rage ya yi duhu, ya yi wari kamar tsohon fenti, ya bar danƙo a cikin ƙananan ramukan kafireto. Cikin 'yan watanni wannan ke faruwa, kuma a zafin Garwa ko Kuseri, inda ake haura digiri 40 a bazara, abin ya fi sauri. Tankin da aka bari rabi kuma yakan tara raɓa a cikinsa lokacin damina, ruwan ya kwanta a ƙasa ya haifar da tsatsa. Idan abin da aka zuba na ƙarshe fetur ɗin zuwa-zuwa ne na kwalba daga bakin titi, to ba a ma san me ke cikinsa ba tun farko. A zuƙe tsohon man da famfon hannu, ba da baki ba, a zuba kaɗan a farar kwalba a bar shi ya natsu, nan take za a ga ruwa da laka sun rabu a ƙasa. In dattin ya yi yawa, a sauke tankin a wanke. A sauya matatar fetur, a bi tiyon mai daga tanki har kafireto, domin tsohuwar roba da ta tsage tana ɗiga fetur a kan injin mai zafi ita ce ke ƙone mota. A buɗe kafireto a wanke kwanonsa, a hure ramukan da iska, kada a soka musu waya domin tana faɗaɗa su. Mai motar gazuwal kuwa ya tsiyaye ruwan da ke ƙasan matata, ya sauya ta, sannan ya fitar da iskar da ta shiga layin mai da ɗan famfon hannu, in ba haka ba zai kashe batir a banza injin bai kama ba.

A ɓangaren wuta, a goge fulogai a duba bakinsu, a buɗe murfin dilko, wato mai rarraba wuta ga fulogai, a share danshi da ƙura, a goge kontak da lallausan takardar yashi, a daidaita tazararsa, wadda a irin waɗannan Fijo ba ta wuce milimita 0.4. A yi wa wayoyin fulogi alama kafin a cire su. Injin silinda huɗu na 504 yana ba da wuta ne bisa jerin 1, 3, 4, 2, kuma musanya waya biyu kaɗai ya isa ya sa a yini ana zargin kafireto.

Yanzu makulli ya iya fitowa daga aljihu, amma ba don a tayar ba tukuna. A mayar da batir, kan ragi a ƙarshe, a cire wayar da ke kai wuta ga kwayil, fulogai kuma har yanzu suna waje, sai a murza na daƙiƙa goma, a huta, a sake, har fitilar mai ta mutu a gaban direba. Wannan ke nuna mai ya zaga ko'ina. Sai a ɗaura fulogai, a haɗa wuta, a turo motar fili ko a buɗe ƙofar gareji gaba ɗaya, domin hayaƙin salansa yana kisa a rufaffen ɗaki ba tare da mutum ya ankara ba. A ajiye bokitin yashi ko na'urar kashe gobara kusa. Idan an ɗiga fetur a bakin kafireto don taimaka mata, kada ya wuce cokali ɗaya, kuma kowa ya kawar da fuskarsa kafin a murza. Da ta kama, a bar ta a silo, a hana yaran gareji taka totur don jin ƙara. Shuɗin hayaƙi na mintunan farko man da aka ɗiga ne ke ƙonewa, ba abin damuwa ba ne. Abin da ke sa a kashe injin nan take shi ne fitilar mai ta ƙi mutuwa, ko a ji bugu mai nauyi daga ƙasa, ko allurar zafi ta haura. Injin na aiki, mita ya kamata ta nuna wajen bolt 14 a kan batir, alamar dinamo na caji.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ɗauka tunda ta tashi aiki ya ƙare. Motar da ta ƙi tashi ba ta cutar da kowa, wadda ta ƙi tsayawa ita ce matsala. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake son a sauya shi duk shekara biyu ko da motar ba ta motsa ba. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun a 155, kuma duk wanda ya san gangaren dutsen da ke kan hanyar Ngaundere zuwa Garwa ya san yadda birki ke zafi a can. Idan man ya tafasa, ƙafa takan nutse har ƙasa ba tare da motar ta rage gudu ba. A duba kwanon man, a taka birki da ƙarfi a riƙe na rabin minti. Idan ƙafa tana sauka a hankali, mai yiwuwa robobin babban famfon birki sun mutu. A ɗaga kowace taya da jak, a tokare motar da abu mai ƙarfi kafin a shiga ƙarƙashinta, a juya tayar a ga ko birki ya kama ya kuma saki. Motar da aka ajiye da birkin hannu a ja, takalman birkin baya sukan manne da ganga, sai an bubbuga gangar da guduma a hankali ko an kwance ta. A juye tsohon man gaba ɗaya, a fitar da iska taya bayan taya, ana farawa da wadda ta fi nisa daga famfon.

Kuloci ma yakan manne saboda tsatsa, alamarsa giya ta ƙi shiga injin na aiki, kuma gara a bar wa bakanike wannan. Taya kuwa ba zanenta kaɗai ake dubawa ba. A gefenta akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, misali 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Wadda ta kai shekara goma, ko gefenta ya yi tsaga-tsaga kamar busasshen tabki, ba ta da amana a kan kwalta mai zafi. A cika iska har da safaya, a matse notuna, a gwada fitilu da sigina da hon da waifa.

Takardu ma suna tsufa a ajiye. A duba katin mota da asirans (inshora) da takardar binciken lafiyar mota kafin a fita, domin jandarma a shingen hanya ba ya tambayar wata nawa motar ta yi a rumfa.

Fitar farko ta kasance a cikin unguwa, da safe, ba fasinja ba kaya, ana taka birki tun a mita goman farko. Idan sitiyari yana ɗan rawa, wataƙila tayoyi ne suka baje a inda suka daɗe a zaune, sau da yawa yakan daina bayan 'yan kilomita. A dawo a taɓa kowace ƙafar motar da bayan hannu, wadda ta fi sauran zafi birkinta na riƙewa. Idan komai ya yi daidai, mazaunin Garwa zai iya gwada ta zuwa Pitowa ya dawo kafin ya yi tunanin kama hanyar Marwa. Da yamma a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, da safe a jawo shi a ga abin da ya ɗiga, sannan a sake auna baƙin mai da ruwan lagireto da man birki.