Darasi na Tara: Gadon Jini da Maganin Ciwon Hanta Nau'in C

Mutum biyu na iya kamuwa da ciwon hanta nau'in C, a ba su magani iri ɗaya, ɗaya ya warke sarai, ɗayan kuma cutar ta ƙi sakinsa. A zamanin tsohon magani likitocin Amurka sun daɗe suna ganin haka, kuma waɗanda maganin ya fi ƙi su ne baƙaƙen fata.

Ƙwayar cutar ta jini take bi: allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, ƙarin jinin da ba a tantance ba, askar wanzami ko ƙahon da ba a tsabtace ba. Cikin mutum goma da suka kamu, kusan uku jikinsu kan kore ta da kansa cikin wata shida. Sauran kuwa takan zauna musu shekara ashirin ko fiye babu wata alama, tana cin hanta har ta taurare, wani lokaci ta zama ciwon daji. Nau'in B yana da allurar rigakafi, nau'in C ba shi da ita.

Tsohon magani

A da, allurar intaferon ake yi sau ɗaya a mako, a haɗa da ƙwayoyin ribavirin kullum, har mako 48 ga masu jinsin cutar na 1 (cutar jinsi-jinsi ce, da lamba ake kiran kowanne). Intaferon garkuwar jiki yake zaburarwa, ita kuma ta yaƙi cutar. Magani ne mai wahala: zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, ƙarancin jini da damuwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya nuna baƙaƙen fata 19 cikin 100 ne suka warke, Turawa kuwa 52.

A 2009 masana a Jami'ar Duke suka gano babban dalilin. Gadon halittar mutum kamar rubutu yake mai haruffa huɗu: A, C, G da T. Kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Kusa da wata ƙwayar gado mai suna IL28B akwai wani gurbi guda da ko dai C ne a ciki ko T. Ke nan mutum zai zama CC, ko CT, ko TT. Mai CC ya ninka mai TT kusan sau biyu wajen warkewa, kuma shi ne jikinsa ya fi korar cutar ba tare da magani ba. Harafin C ya mamaye mutanen gabashin Asiya, yana da yawa cikin Turawa, amma cikin 'yan asalin Afirka bai kai rabi ba.

A kula da wannan wuri sosai, domin a nan mutane ke yin kuskure. Launin fata ba shi ne ke hana warkewa ba. A binciken na 2009, baƙaƙen fata masu CC sun warke 53 cikin 100, alhali Turawa masu TT 33 ne kawai. Ko cikin 'ya'yan ɗaki ɗaya ana iya samun wa mai CC, ƙane mai TT. Kuma harafin kusan rabin tazarar da ke tsakanin baƙaƙen fata da Turawa kaɗai ya bayyana.

A 2013 aka ƙara gano cewa yawancin masu T jikinsu na ƙera wani nau'in intaferon da masu CC ba sa ƙerawa. Sai hantarsu ta zauna kullum a zabure. In an kawo allura daga waje, ba ta ƙara motsawa, kamar jakin da ya saba da bulala.

Sabon magani

Daga ƙarshen 2013 aka fara samun maganin da babu allurar intaferon a ciki, wato ƙwayoyin da ke kai wa cutar hari kai tsaye, su hana ta hayayyafa, ba sai sun bi ta garkuwar jiki ba. Da haka tazarar ta kusan gushewa: fiye da mutum 95 cikin 100 na warkewa, mai CC da mai TT. Yau ba a bukatar gwajin IL28B kafin a fara. Duk wanda aka taɓa ce masa maganin ba ya karɓar baƙar fata, labarin tsohon magani aka ba shi.

Abin da ya rage shi ne ita ma cutar tana da nata dangi. Jinsi na 1 ya fi yawa a Amurka da Turai, na 3 a Pakistan da Indiya, na 4 a Masar da tsakiyar Afirka, na 1 da na 2 a Afirka ta Yamma. A Ruwanda an ba marasa lafiya haɗin ledipasvir da sofosbuvir, sai masu wani reshe na jinsi na 4 da ake kira 4r suka warke 56 cikin 100 kacal. Can laifin na cutar ne, ba na jinin mutanen ba. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗe-haɗen da ke kama kowane jinsi. Mun rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali: sofosbuvir miligiram 400 da daclatasvir miligiram 60, ko sofosbuvir 400 da velpatasvir 100, sau ɗaya a rana, yawanci mako 12. Wanda hantarsa ta taurare ana iya kai shi mako 24.

Kafin a fara da lokacin sha

Gwajin farko na ɗigon jini alama kawai yake nunawa cewa cutar ta taɓa shiga jiki. Sai an yi na biyu, wanda ke neman ƙwayar cutar kanta, kafin a sayi magani. A kuma gwada nau'in B. Yana da yawa a ƙasashenmu, kuma yakan farka idan ana kashe C, har ya illata hanta.

A kai wa likita duk maganin da ake sha, har da na gargajiya. Rifampicin na tarin fuka, da magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, suna rage ƙarfin maganin a jini har ya kasa aiki. Maganin gyambon ciki irin omeprazole yana hana velpatasvir narkewa yadda ya kamata, domin yana bukatar tsamin ciki. Mai shan efavirenz na cuta mai karya garkuwar jiki, daclatasvir 90 ake ba shi maimakon 60. Amiodarone na zuciya in ya haɗu da sofosbuvir yana iya rage bugun zuciya ƙwarai. Ribavirin, da har yanzu ake ƙara wa wasu, yana nakasa ɗan tayi, don haka mai ciki ba ta shansa, haka ma mijinta.

Babban abin da ke ɓata aiki shi ne yankewa. Mutum ya sayi kwalbar wata ɗaya, kuɗi su ƙare, ya tsaya, cutar ta dawo, wani lokaci ta ƙi jin maganin. Gara a tanadi na wata ukun duka kafin a haɗiyi ƙwayar farko.

Bayan an sha ta ƙarshe a ƙirga mako 12, sannan a sake gwajin da ke neman ƙwayar cutar. In ba a same ta ba, an warke. Gwajin ɗigon jini kuwa zai ci gaba da nuna alama shekara da shekaru, kada wannan ya tayar da hankali. Warkewar ba ta hana sake kamuwa, saboda haka a riƙa tafiya wurin aski da reza sabuwa. Wanda hantarsa ta riga ta taurare zai ci gaba da zuwa hoton ciki duk wata shida.