Yadda Ake Gano Laifin Kayan Girki na Lantarki Idan Sun Daina Zafi

Butar lantarki, tukunyar dafa shinkafa, rishon lantarki da na'urar gasa burodi duk tsarinsu guda ne a ciki. Wuta tana shiga ta filogi, ta bi waya, ta ratsa makunni da na'urorin kariya, sannan ta isa ga ƙarfen da yake yin zafi, wanda masu gyara suke kira elimen. Idan na'ura ta daina zafi, hanyar nan ce ta katse a wani wuri, aikin mai gyara kuwa shi ne ya bi ta daki-daki tun daga bango har ya tarar da inda ta yanke. Abin takaici ne yadda ake jefar da kaya masu lafiya saboda ɗan ƙaramin fis.

A fara da soket, a jona wani abu da aka tabbatar yana aiki. Idan na'urar tana ɗumi amma ba ta kai yadda aka saba ba, a auna ƙarfin wutar kafin a zarge ta, domin zafin elimen yana raguwa fiye da yadda wutar take raguwa: na'urar da aka ƙera don bolt 230, idan ta sami 180 kawai, kusan kashi 61 cikin ɗari na zafinta za ta bayar.

Daga nan a zare filogi daga bango, a bar na'urar ta huce, domin duk awon da zai biyo baya ana yinsa ne babu wuta. Ana buƙatar sukudireba da mitar awo da aka saita kan om, wato ma'aunin turjiyar da waya take yi wa wuta. Filogi mai ƙafa uku yakan ƙunshi fis a ciki, galibi mai amfiya 13 ga kayan da suke jan wuta sosai. A buɗe a gwada shi, a kuma duba ko waya ta saki ko ta yi baƙi. Ita kanta igiyar takan karye ne a ciki, daidai inda take lanƙwasa a bakin filogi ko a bakin na'ura, alhali robar waje tana nan lafiya ƙalau. A ɗora mita a kanta a riƙa murza ta a hankali. Idan awon yana zuwa yana ɗaukewa, igiyar ce za a sauya. Kafin a kwance ko da waya guda a ciki, yana da kyau a ɗauki hoto don mayarwa ta zo da sauƙi.

Awon elimen yana da lissafi mai sauƙi. Ana ninka adadin bolt da kansa, a raba da adadin wat da aka rubuta a ƙasan na'urar. Buta mai wat 2000 a kan bolt 230 ya kamata ta nuna kusan om 26, mai wat 1000 kuma kusan om 53. Idan mita ta nuna OL, wato babu hanya, wayar da take cikin elimen ta tsinke. A na'urar gasa burodi ana iya ganin tsinkewar da ido, tunda wayar a fili take. A butocin zamani kuwa elimen a manne yake da gindin butar, saboda haka idan ya mutu ba kasafai gyaran yake biyan wahalarsa ba.

Inda ya fi cancantar natsuwa shi ne fis ɗin zafi. Wani ɗan siriri ne mai launin azurfa, gajere sosai, wanda ake ɓoyewa cikin farar riga mai jure zafi a kusa da elimen. Aikinsa ya yanke wuta idan zafi ya wuce kima, kuma da zarar ya yanke ba ya dawowa. A jikinsa an rubuta digirin da yake yankewa da amfiyar da yake ɗauka, sai a nemo mai lamba iri ɗaya. A haɗa shi ta hanyar matse bakin waya da filaya cikin ɗan zoben ƙarfe, domin zafin dalma kan kashe sabon tun kafin a gama aiki. Wasu sukan cire shi su haɗa waya kai tsaye, na'ura ta tashi, mai ita ya yi murna. Wannan ganganci ne da yake iya jawo gobara, kuma bai kamata a yarda da shi ba ko da na kwana ɗaya ne. Haka kuma wajibi ne a binciki abin da ya sa ya yanke, domin idan tamostat, wato makunnin da yake daidaita zafi da kansa, ne ya maƙale, sabon fis ɗin ma haka zai mutu.

Kowace na'ura tana da nata halin. Buta mai zama kan faifai takan daina aiki idan ƙarafan haɗuwa na tsakiya suka yi datti ko suka lafe, sannan farin ɓawon da ruwa yake bari a gindinta yana sa ta kashe kanta da wuri. Tafasa ruwa da ruwan lemon tsami yana narkar da shi. Tukunyar shinkafa tana da maganaɗisu a tsakiyar farantin zafi wanda yake saki idan ruwa ya ƙare, zafi ya ɗan haura digiri 100. Busasshiyar shinkafa a kan farantin ko lotsewar gindin tukunya sun isa su sa ta koma ɗumamawa abinci bai nuna ba. Na'urar maikurowef kuwa a bar wa ƙwararre, domin akwai ma'ajiyar wuta a cikinta mai ɗaukar kusan bolt 2000, wadda take iya kisa ko bayan an zare filogi.

Bayan an gama gyara, kafin a jona, a sa tsinken mita ɗaya a ƙafar filogi mai ɗauke da wuta, ɗayan a jikin ƙarfen na'urar, makunni yana kunne. Dole mita ta nuna babu hanya. Idan ta nuna wata lamba, wuta tana zuba a jikin na'urar, kuma ba za a yi amfani da ita ba sai an sauya elimen ko wayar da ta goge. Idan awon ya yi daidai, a rufe murfi, a ɗaure komai, a zuba ruwa a buta ko tukunya, a tsaya a kanta har a ga ta yi zafi ta kuma kashe kanta a lokacin da ya dace.