Yadda na gyara motar kwana bayan tafiyar bakin teku

Bas ɗina ce na cire wa kujerun baya, na sa katifa da ɗan risho da batirin sola, muka bar Sakkwato ni da ƙanina zuwa Badagry. Daga nan muka tsallaka iyakar Seme zuwa Jamhuriyar Benin, muka bi ƙauyukan masunta ta Ouidah har Grand-Popo, kusa da iyakar Togo. Kwana tara muna kwana a gefen ruwa, ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa.

Mun dawo gida lafiya, amma bayan mako ɗaya mota ta ƙi tashi. Sai "ƙat-ƙat" kawai take yi. Na ɗauka batir ne ya mutu, har na fara lissafin kuɗin sabo.

Makanikena ya auna, ya ce: "Alhaji, batirinka lafiya lau, volt 12.6 yake nunawa, wato a cike yake. Duba kawunansa." Farin gari mai tsatsa ya lulluɓe su. Iskar teku na ɗauke da gishiri, ga laima, mu kuwa 'yan busasshiyar ƙasa ba mu saba da wannan ba.

Na fara kwance wayar negatif (mai alamar −), sannan ta fositif (mai alamar +). Na jiƙa kanwa a ruwan zafi, na zuba a kai, ta yi kumfa, na goge da tsohon burushin haƙori. Da ya bushe na ɗaure, fositif tukuna, na shafa man girisi. Bugu ɗaya ta tashi.

Washegari na kai ta wanki, aka fesa ruwa sosai a ƙarƙashinta, don gishirin da ya maƙale can ma yana cin ƙarfe.