Yadda ake ziyartar tashar jirgin ƙasa ta Haramain a Madina

Yawancin alhazai da masu Umara da ke bi ta tashar jirgin ƙasa ta Madina suna shiga ne a gurguje, ido na kan agogo, hannu na kan jaka, har su fita ba su ɗaga kai sun dubi abin da ke samansu ba. Wannan asara ce a ganina, domin ginin kansa ya cancanci a ware masa lokaci. Saboda haka shawara ta farko ita ce mutum ya isa tashar aƙalla awa ɗaya kafin lokacin tashin jirginsa, ya gama da bincike da tikiti cikin natsuwa, sannan ya yi amfani da sauran lokacin wajen kallo.

Sarki Salman ne ya ƙaddamar da layin Haramain a watan Satumba na 2018. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 450, kuma ya haɗa Madina da Makka ta Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah da Jidda, da reshe zuwa filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz. Jiragen na kamfanin Talgo ne na ƙasar Sifen, suna gudun kilomita 300 a awa, abin da ya sa tafiyar da ke cin rabin yini a mota ta koma ƙasa da awa biyu da rabi.

Tikiti an fi samun sauƙinsa ta manhajar HHR Train ko shafin intanet na jirgin, ko da yake akwai kanta da injunan sayarwa a cikin tashar. A watan azumi da lokacin aikin Hajji kujeru na ƙarewa da wuri, don haka kada a bari sai ranar tafiya. Za a nemi lambar fasfo wajen saye, kuma tikitin na ɗauke da lambar tarago da ta kujera, ba a zama inda aka ga dama. Batun kaya kuwa shi ne ya fi kawo wa mutanenmu cikas: babbar jaka ɗaya aka yarje wa kowane fasinja, wadda ba ta wuce kilo 25 ba, sai ƙaramar jakar hannu. Wanda ya tara tsarabar dabino da jallabiyoyi da darduma ya san yadda zai yi da su tun daga masauki.

Tashar tana gabashin gari, da ɗan nisa daga Masallacin Annabi (SAW), kuma ana zuwa da tasi ko bas ta hanyar Sarki Abdul'aziz. Da ka shiga babban zaure, ka tsaya gefe inda ba za ka tare wa jama'a hanya ba, ka ɗaga kai. Kamfanin Foster + Partners na Ingila ne ya zana tashoshin Madina da Makka da Jidda da birnin Sarki Abdullah bisa tsari guda: ginshiƙan ƙarfe da ke tashi daga ƙasa su rarrabu a sama kamar rassan itace, kowane reshe ya lanƙwasa ya tarar da na maƙwabcinsa, har su zama rumfa ɗaya mai faɗi. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun bakunan da ke riƙe da rufi, na tsohon masallacin Juma'a na Zariya zai gane hikimar nan take, sai dai a can azara ce da laka, a nan kuma ƙarfe.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka yi da hasken rana. Zafin Hijaz ba ya barin a yi rufin gilashi, don haka aka rufe saman, aka bar ƙananan kafofi da yawa waɗanda haske ke zubowa ta cikinsu ɗigo-ɗigo ya sauka a kan daɓe, tamkar mutum na zaune a inuwar bishiya da hantsi. Tsakanin bakunan kuma an rataya manyan fitilu masu siffar da'ira. Idan da hali a zaɓi jirgin rana, domin da dare fitilu ne kawai ke aiki, wannan wasan haske ba ya bayyana.

Kowace tasha da launinta. Ta Madina kore ce, saboda Masallacin Annabi (SAW); ta Makka, wadda ke unguwar Rusaifa, ruwan zinariya ce, saboda adon Ka'aba; ta Jidda shunayya; ta birnin Sarki Abdullah kuma shuɗi da ruwan azurfa. Mai tafiya daga Madina zuwa Makka zai ga farko da ƙarshe a yini ɗaya, ya kwatanta da idonsa. Ana iya ɗaukar hoton gini, amma a kiyaye fuskokin mutane, musamman mata, da kuma jami'an tsaro.

Akwai wani abu da bai kamata mai niyyar Umara ya manta ba. Miƙatin mutanen Madina, wato Zul-Hulaifa da ake kira Abyar Ali, yana bakin gari ne, kuma jirgin ba ya tsayawa a can. Saboda haka a yi wanka a ɗaura harami tun daga masauki, ko kuma a wurin alwala na tashar kafin a sauka dandamali, a kasance cikin shiri tun jirgi bai motsa ba, domin 'yan mintuna kaɗan ne tsakanin tashi da wuce miƙati. Wanda ya fi son ya yi niyya a masallacin Abyar Ali sai ya fara zuwa can da mota, sannan ya dawo tasha da haraminsa.

Mai sauran kwanaki a Madina ya leƙa unguwar Anbariyya, inda tsohuwar tashar layin Hijaz take. Daular Usmaniyya ce ta gina ta da baƙin dutse, jirgi ya fara isowa daga Dimashƙu a 1908, kuma daga baya aka mayar da ita gidan tarihi.