Kurakuran masu koyon fiyano a kiɗan ruwan sama da na farin wata

Na gaji da jin abu ɗaya daga hannun masu koyon fiyano. Da zarar an ce musu wannan kiɗan na ruwan sama ne ko na farin wata, sai su taka feda, wato abin takawa da ƙafa da ke ƙasan fiyano, su ƙi ɗagawa, su yi ta jan kiɗan, wai a dole suna nuna shauƙi.

Fedar ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Aikin fedar da ke gefen dama shi ne ɗage abin da ke danne wayoyin fiyano, don amo ya ci gaba bayan an ɗaga yatsa. In kuka bar ta a ƙasa har hannun hagu ya sauya haɗin sauti, tsohon amo da sabo sun cakuɗe ke nan. Ni ma a haka aka bar ni na taso, kuma a kan wannan kaɗai na faɗi jarrabawa, na koma ina koya wa ƙafata aiki tun daga farko. Masu gardama kan ce ai Beethoven da kansa ya rubuta a kan sonatarsa ta 1801, wani dogon kiɗan fiyano mai kashi-kashi, cewa a kaɗa kashin farko duka da feda. Haka ne. Amma fiyanon zamaninsa amonsa na saurin mutuwa, na yau kuwa yakan daɗe yana kuwwa. Ga yadda nake yi: mako guda babu feda sam, yatsu su riƙe abin da za su iya. Sannan a dawo da ita, ana ɗaga ƙafa daidai lokacin da sabon sauti ya sauka, a mayar nan take. Wasu malamai na ganin mako ya yi yawa. Ni ba na ragewa.

Sai biye wa suna. Waccan sonatar da kowa ke kira ta hasken wata, ba Beethoven ya sa mata sunan ba. Ana danganta shi ga marubucin Jamus Ludwig Rellstab, wanda ya kwatanta ta da wata a kan tafkin Lucerne na Suwizalan. Saboda wannan suna ɗalibai ke jan ta har ta rasa numfashi.

Abin ya fi muni a kiɗan Chopin na 15 cikin jerin gajerun kaɗe-kaɗensa 24, wanda ake kira ɗigon ruwa. Akwai sauti ɗaya da ke maimaituwa kusan daga farko har ƙarshe, sai yaro ya zauna yana buga mini shi ɗis, ɗis, ɗis, yana jin ya gama aiki. Haba! Kun san halin da mutumin yake ciki? A hunturun 1838 zuwa 1839 yana tsibirin Mayorka na Sifen, a wani tsohon gidan ibada a Valldemossa, ciwon ƙirji ya kama shi, ga sanyi, ga baƙunta. George Sand, marubuciyar Faransa wadda suke tare a can, ta rubuta cewa da ta nuna masa kamannin wani kiɗansa da ɗigon ruwa a kan rufi, ransa ya ɓaci, bai yarda kwaikwayo yake yi ba. Ku saurari tsakiyar kiɗan: sautin nan dai bai sauya ba, amma komai a kewayensa ya yi duhu, ya yi nauyi, har ya zama fargaba. Wanda ruwa kawai yake zanawa ba zai iya kai ku can ba. Debussy, makaɗin Faransa, a gajerun kaɗe-kaɗensa na 1910 da 1913 ya ajiye sunan kowanne a ƙarshen kiɗan. Ni kuwa nakan rufe sunan da takarda, sai ɗalibi ya faɗa mini abin da ya ji a ransa kafin in buɗe.

Clair de lune na Debussy, wato hasken wata da Faransanci, a ƙirge yake, bugu tara-tara a kowace gaɓa. Ku ƙirga shi da baki kafin ku fara sassauta shi.

Kada ku raina kiɗan Ludovico Einaudi don yana da sauƙi a yatsa. A 2016 ya kaɗa fiyano a kan wani dandali mai yawo a teku, gaban dutsen ƙanƙara a Svalbard, tsibiran da ke can arewa da Norway, yana makokin narkewarsa. In maimaicinsa bai tashi ya sauka a hannunku ba, gajiya kawai zai sa.

Kuma ku fita ku saurara. Olivier Messiaen da takarda yake shiga daji yana rubuta kukan tsuntsaye, daga nan ya fitar da kaɗe-kaɗe 13 tsakanin 1956 da 1958. Ku kuwa ko ruwan farkon damina ba ku taɓa zama kun ji yadda yake ƙaruwa yana raguwa ba.

In fiyanon lantarkin da kuke koyo a kansa ba ya bambance taɓawa a hankali da bugu da ƙarfi, ku nemi wani ko na aro ne. A kan irinsa babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai koyu.