Yadda Kwamitin Gyaran Aiki Zai Saurari Kowa

Kwamitin gyaran aiki a ofis, asibiti ko makaranta kada ya wuce mutum takwas. In ya kai goma sha biyar, uku ne za su yi ta magana, sauran suna latsa waya. A sa masu aikin da hannunsu a ciki: akawu, masinja, mai ba da kati. Su suka san teburin da fayil ke kwana.

A ɗauki matsala guda, misali layin karɓar kati da safe. A auna tukuna: minti nawa mutum ke yi daga ƙofa zuwa teburi, kwana biyar a jere. Sai a gwada gyara ɗaya na mako biyu, a sake aunawa. Wannan tsari ya samo asali daga darussan da Edwards Deming, masanin inganta aiki ɗan Amurka, ya bayar a Japan a 1950. In gwajin bai ci ba a sauke shi, ko da shugaba ne ya kawo shawarar.

Inda ake tuntuɓe a nan Zariya shi ne kara. Ƙaramin ma'aikaci ba zai musa wa babba a gaban jama'a ba, sai ya ce "haka ne, ranka ya daɗe", ya fita ya yi gunaguni a wurin mai shayi. Don haka ƙanana su fara magana, babba ya rufe, ko kowa ya rubuta ra'ayinsa a takarda babu suna.

Taron minti 20 ya isa, bayan Azahar, ban da Juma'a. Da an tashi a rubuta a WhatsApp: wa zai yi me, zuwa yaushe. Saƙon murya ya fi sauƙi, amma ranar musu kafin a gano shi an sha wuya.